Daga Gaɓar Teku zuwa Gaɓar Gulbi: Gurbin Masana Hausa a Haɗin Gwiwar Jami'o'i kan Tunkarar Ambaliya a Jega da Aliero da Maiyama

Tsakure

Ƙasashen da ke bakin teku sun daɗe da gina haɗin gwiwa tsakanin jami'o'i da hukumomi da al'umma domin rage ɓarnar guguwa da ambaliya. Jihar Kebbi ba ta da teku, amma rayuwar miliyoyin mutanenta ta rataya ne a kan gaɓar gulbi da fadama. Manufar wannan takarda ita ce nazartar darussan da irin wancan haɗin gwiwa ya ƙunsa, tare da auna su a kan ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama. An bi hanyar bitar ayyukan da aka wallafa da bayanan hukumomi, sannan aka ƙalailaice wasu kalmomin Hausa da ake isar da gargaɗi da su. Takardar ta gano cewa a misalan da aka duba, asarar rayuka ta fi raguwa a wuraren da saƙon gargaɗi ya isa ga jama'a cikin harshen da suke ji, ta bakin mutanen da suka yarda da su. Don haka takardar ta ba da shawarar a shigar da masana harshe da adabi da al'adun Hausa cikin ayarin bincike tun daga matakin tsara tambayoyi.

Fitilun Kalmomi: Ambaliya, Fadama, Haɗin Gwiwa, Gargaɗi, Kalmomin Fannu

1.0 Gabatarwa

A daminar shekarar 2020 ruwa ya mamaye gonakin shinkafa a sassa da dama na Jihar Kebbi. Gwamnatin jihar ta bayyana cewa kimanin hekta 450,000 na shinkafa ne suka nutse. Wannan ya faru ne shekara biyar bayan ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Babban Bankin Nijeriya, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a Birnin Kebbi cikin watan Nuwamba na 2015. Ke nan manoma da yawa sun yi asarar amfanin gona alhali da bashi a wuyansu. Ba a nan asarar ta tsaya ba, domin tun 2016 jihohin Legas da Kebbi suka ƙulla yarjejeniyar sarrafa shinkafa, abin da ke nuna cewa abincin mazauna bakin teku ma yana da alaƙa da lafiyar fadamun Kebbi.

Idan aka yi maganar bincike kan irin wannan iftila'i, tunanin mutane yakan tafi ga injiniyoyi da masana yanayi da masana aikin gona. Da wuya a tuna da masanin harshe ko na adabin baka, sai fa idan an kammala rahoto ana neman mai fassara shi. Wannan takarda tana ganin akwai gyara a wannan tsari. Hujjarta kuwa ta samo ta ne daga tarihin ƙasashen da suka fi kowa daɗewa suna fama da ruwa, wato mazauna gaɓar teku.

1.1 Hanyar Gudanar da Nazari

An dogara ne ga rubutattun bayanai iri biyu. Na farko su ne ayyukan masana da bayanan hukumomi dangane da ambaliya a Nijeriya da Nijar da wasu ƙasashen bakin teku. Na biyu su ne kalmomin Hausa na yau da kullum masu alaƙa da ruwa da ƙasa da lokutan shekara. An zaɓi misalai huɗu daga ƙetare, wato Amurka da Holan da Bangaladash da tsibirin Simeulue na Indunisiya, saboda kowanne yana haskaka wani ɓangare na alaƙar ilimi da al'umma.

2.0 Farfajiyar Nazari

Jega da Aliero da Maiyama ƙananan hukumomi ne uku masu maƙwabtaka da juna daga cikin 21 na Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙiro ranar 27 ga Agusta, 1991. Dukkansu suna ƙarƙashin Masarautar Gwandu, kuma babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato zuwa Yawuri da Kwantagora ta ratsa su.

Jega gari ne na kasuwanci da ya bunƙasa tun ƙarni na 19, bayan da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa shi. Garin yana bakin Gulbin Zamfara, wanda ya taso daga Jihar Zamfara, ya bi ta yankunan Anka da Gummi kafin ya iso Jega, daga nan ya gangara ya haɗe da Gulbin Kabi, wato ruwan Rima da na Sakkwato da suka riga suka gamu, sannan duka su zuba cikin Kwara. Aliero ta shahara da noman albasa da sana'ar ɗori, kuma a nan ne aka kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kebbi a 2006, wadda daga baya aka sa wa sunan Abdullahi Fodiyo. Maiyama tana kudu da Jega, tana da garuruwa irin su Mungadi da Sambawa da Andarai, mutanenta kuma manoma ne na tudu da fadama.

2.1 Yanayin Ambaliya a Yankin

Akwai bambanci mai muhimmanci tsakanin ruwan da ke barazana ga Argungu da Birnin Kebbi da wanda ke barazana ga Jega. Na farko yana da manyan madatsun ruwa biyu a samansa: ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, wadda aka kammala a 1978, da ta Goronyo a kan Gulbin Rima, wadda aka kammala a 1984. Idan madatsun suka cika aka saki ruwa, akwai hukumar da za ta iya sanar da mutanen gangare. Ruwan Jega kuwa ya dogara ne ga saman da aka yi a ƙasar Zamfara. Ana iya wayar gari a Jega rana tana haske, amma gulbi yana tasowa saboda ruwan da aka tafka a Anka ko Gummi kwanaki kaɗan kafin nan. Bugu da ƙari, idan babban gulbin da ƙaramin ke zuba a cikinsa ya cika maƙil, ruwan ƙaramin yakan rasa mafita ya koma ya malale cikin fadama. A taƙaice, labarin da manomin Jega ko na Mungadi yake buƙata yana wata jiha ne, kuma sai an gina hanyar da zai riƙa isowa.

Cikowar gulbi ba koyaushe take zama masifa ba. Ita ce ke kawo laka mai taki, ta cika tafkuna da kifi, ta bar damshin da ake noman rani da shi. Binciken da Adams (1985) ya gudanar a gangaren madatsar Bakolori ya nuna cewa raguwar cikowa bayan gina madatsar ta jawo raguwar noman shinkafa da kamun kifi a ƙauyukan fadama. Wannan na nuna cewa burin manomi shi ne ya san lokacin zuwan ruwa da iyakar inda zai kai, domin ya ci moriyarsa ya kuma kauce wa cutarsa.

Su kansu jami'o'in yankin ba su tsira ba. A watan Satumba na 2010 ambaliyar Gulbin Rima ta karya gadar da ta haɗa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da birnin Sakkwato, har harkokin karatu suka tsaya. Shekara biyu bayan haka aka yi ambaliyar 2012 wadda hukumar NEMA ta ce ta kashe mutum 363 tare da raba fiye da miliyan biyu da muhallansu a faɗin ƙasa. Ta 2022 kuwa ta ci rayuka sama da 600.

3.0 Darussa daga Gaɓar Teku

3.1 Amurka: Jami'a mai Wakili a Cikin Al'umma

A 1966 majalisar dokokin Amurka ta kafa shirin Sea Grant, wanda ya ɗora wa wasu jami'o'i alhakin bincike da koyarwa da wayar da kan mazauna bakin ruwa. An kwaikwayi tsarin ne daga kwalejojin aikin gona da dokar Morrill ta 1862 ta samar. A yau shirin yana da rassa 34 ƙarƙashin hukumar NOAA mai kula da teku da sararin samaniya. Abubuwa uku a cikinsa sun dace da wannan nazari. Na farko, kowane reshe yana da jami'an wayar da kai da ke zaune tare da masunta da masu jiragen ruwa, suna kai musu sakamakon bincike, suna kuma komawa jami'a da matsalolinsu. Na biyu, a duk dala biyu da gwamnatin tarayya ta bayar sai an samo dala ɗaya daga jiha ko wata kafa, don haka na gida ma suna da hannu a aikin. Na uku, shirin ya shafi jihohin manyan tafkuna, har da yankin Tafkin Champlain na Jihar Vermont wadda ba ta taɓa teku ba. Ashe abin lura a tsarin shi ne zaman jama'a a bakin ruwa, ko na gishiri ne ko na daɗi.

3.2 Holan: Daren da Rediyo ya yi Shiru

A daren 31 ga Janairu zuwa 1 ga Fabrairu, 1953, tekun Arewa ya fasa shingayen kudu maso yammacin Holan, mutum 1,836 suka rasu. Masana yanayi sun hango guguwar kuma sun fitar da gargaɗi, sai dai gidajen rediyo ba sa aiki da dare a wancan zamani, ruwa kuma ya iso mutane suna barci. Bayan wannan ne ƙasar ta shiga gina manyan shingaye tare da masanan Jami'ar Fasaha ta Delft, aka kuma buɗe cibiyar koyar da ilimin ruwa ga 'yan ƙasashen waje a garin a 1957. Da koguna suka yi barazana a 1995 har aka kwashe kimanin mutum 250,000, sai tunani ya sauya, aka ɓullo da shirin sakar wa kogi fili ya malala a wuraren da aka keɓe. Wannan shiri bai yiwu ba sai da aka zauna da manoman da abin zai shafi gonakinsu. Bahaushen fadama ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin ya daɗe da sanin cewa akwai filin da na gulbi ne, aro kawai ake yi a wurinsa.

3.3 Bangaladash da Simeulue: Saƙo cikin Harshen Gida

Guguwar Bhola ta Nuwamban 1970 ta hallaka aƙalla mutum 300,000 a ƙasar da ake kira Bangaladash a yau. A farkon shekarun 1970 aka kafa shirin 'yan sa kai na ƙauyuka, waɗanda ke karɓar hasashen masana su zaga gida-gida da lasifika da tutoci suna faɗakarwa da harshen Bangali. Guguwar 1991 ta kashe kimanin mutum 138,000, amma ta Sidr a 2007, duk da ƙarfinta, waɗanda suka rasu ba su kai 4,000 ba. Gina mafaka da ingantuwar hasashe sun taimaka, sai dai 'yan sa kan ne suka mayar da hasashen ya zama tafiya zuwa mafaka.

Misalin Simeulue ya fi kusa da fagen nazarin adabi. A 1907 igiyar ruwa ta tsunami ta afka wa tsibirin. Waɗanda suka tsira suka adana labarin cikin kalma guda, wato "smong", suka riƙa sanya ta a labarai da waƙoƙin reno: idan ƙasa ta girgiza, teku ya janye, a gudu zuwa tudu. Ranar 26 ga Disamba, 2004, tsunami ta kashe fiye da mutum 220,000 a ƙasashen Tekun Indiya, amma a Simeulue, mai mutane kimanin 78,000 kuma kusa da cibiyar girgizar, mutum bakwai ne aka ruwaito sun mutu. Adabin baka ne ya riƙe gargaɗin har tsawon shekara 97.

4.0 Abin da Ake da Shi a Gida

Yankin bai rasa tubalan gina haɗin gwiwa ba. Jami'ar da ke Aliero tana da gonar koyarwa da bincike a fadamar Jega. A matakin ƙasa, hukumar NIHSA tana fitar da hasashen ambaliya na shekara-shekara tare da jerin jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari, hukumar NiMet kuma tana fitar da hasashen damina, har ta fara fassara taƙaitaccensa zuwa Hausa da wasu harsuna. A Yamai akwai hedikwatar Hukumar Kogin Kwara da cibiyar AGRHYMET da aka kafa a 1974, kuma ma'aunin ruwan birnin, wanda ya kai santimita 700 a Satumban 2020, yana da amfani ga garuruwan Kebbi na bakin Kwara. Haka nan akwai shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a Disamban 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja.

A ɓangaren iri ma haɗin gwiwa ya haifar da ɗa mai ido. Masana daga Jami'ar Kalifoniya da ke Davis da Cibiyar Binciken Shinkafa ta Duniya da ke Filifin sun gano ƙwayar halittar SUB1 a jikin wata tsohuwar shinkafar manoman Odisha ta Indiya, suka wallafa sakamakon a 2006. Shinkafar da ke ɗauke da ita tana iya jure nutsewa na kusan mako biyu. A 2017 Nijeriya ta fitar da irin FARO 66 da FARO 67 masu wannan siffa, ta hanyar aikin cibiyar AfricaRice da Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa da ke Badeggi. Abin lura shi ne asalin maganin daga rumbun manoma aka samo shi. Da tsohuwar zuma ake magani. Fadamun Rima su ma suna da tsohuwar shinkafar Afirka mai tsawaita kara tana bin ruwa yayin da yake tasowa, kuma sunayen ire-irenta da yadda ake nomanta suna bakin tsofaffin manoma.

Giɓin da ya rage shi ne tsakanin takardar hasashe da kunnen manomi. Majalisar Ɗinkin Duniya, a shirinta na 2022 na isar da gargaɗi ga kowa kafin ƙarshen 2027, ta kasa aikin gida huɗu: sanin haɗarin, da sa ido da hasashe, da isar da saƙo, da shirin ɗaukar mataki. Idan aka duba da kyau, na biyu ne kawai aikin na'ura tsantsa. Sauran ukun duk suna buƙatar sanin mutane da harshensu.

5.0 Gurbin Masana Hausa

5.1 Kalmomin Fannu

Masana ilimin bala'o'i suna bambanta abin da ke iya cutarwa, kamar tasowar gulbi, da raunin da ke sa ya cutar, kamar gini a kwari, da kuma ɓarnar da ke aukuwa idan biyun suka gamu. A Hausar kafafen yaɗa labarai kuwa akan yi amfani da "bala'i" da "masifa" da "iftila'i" da "annoba" kusan a matsayi ɗaya, kuma yawancinsu daga Larabci suke, suna ɗauke da ma'anar jarrabawar da ba a iya kauce mata. Saƙon da ya ce "bala'i na tafe" yana iya sa mai sauraro ya yi addu'a ya zauna, alhali wanda ya ce "gulbi zai kai gindin kuka kaza nan da kwana uku" yana nuna masa abin yi. Haka kalmar "juriya" da ake yawan amfani da ita ta fi karkata ga haƙuri da daurewa, ba ta ƙunshi shiri kafin aukuwa da farfaɗowa bayanta ba. Akwai kuma bambancin "cikowa" da "ambaliya": ta farko abar maraba ce ga mai fadama, ta biyu ita ce ta wuce iyaka. Fassarar da ta haɗe su za ta sa manomi ya ɗauki gargaɗin a matsayin zancen wanda bai san gulbi ba.

Launuka ma suna da nasu ƙalubale. Matakan gargaɗi na ma'aunin Yamai sun ƙunshi rawaya da ruwan lemo da ja. Ja yana da tushe a tunanin Bahaushe wajen nuna tsanani, kamar a "jan aiki" da "jan hali", amma ruwan lemo ba ya cikin launukan asali na harshen, kuma mai sauraron rediyo ba ya ganin launi. Haka batun yiwuwa: jimlar "akwai yiwuwar kashi 60 cikin 100" tana buƙatar nazarin yadda Hausa ke jera matakan tabbas, daga "wataƙila" da "mai yiwuwa" da "da alama" zuwa "lalle" da "babu makawa".

5.2 Ƙa'idar Rubutu da Karin Harshe

Saƙon waya na kar-ta-kwana yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar an sa ɓ ko ɗ ko ƙ sai adadin ya ragu zuwa 70, saboda ba sa cikin jerin haruffan asali na tsarin. Wannan yakan sa masu aikawa su watsar da ƙugiya. A fagen ambaliya sakamakon yana da nauyi. "Hadari" na sama da "haɗari" na barazana sukan koma kalma ɗaya, haka "gaba" da "gaɓa". Umarnin da ya ce "ku nisanci gaba" ba shi da ma'anar "ku nisanci gaɓa". Masanin harshe ne zai iya tsara saƙon da ya kauce wa irin waɗannan tagwayen kalmomi, ko ya nuna inda saƙon murya ko rubutun ajami ya fi dacewa.

Mutanen yankin suna magana ne da karin harshen yamma, inda "gulbi" ya fi "kogi" yawa a baki, ake kuma furta "hwadama" a maimakon "fadama". Daidaitacciyar Hausa tana da gurbinta a rubuce, amma sanarwar da ake so tsohuwa a Sabiyal ko Kimba ta ɗauka da muhimmanci za ta fi shiga idan ta zo da muryar da ta saba ji. Lissafin lokaci ma haka: manomi yana auna damina da "marka" da "agazari" da "kaka", don haka hasashen da aka gina a kan makonnin watan Bature yana buƙatar a daidaita shi da wannan lissafi.

5.3 Sunayen Wurare da Tarihin Baka

Sunayen garuruwa da gonaki taswira ce da magabata suka bari. Suna mai ɗauke da "tudu" ko "dutsi", kamar Jandutsi a ƙasar Jega, yana ba da labarin ƙasa daban da mai ɗauke da "rafi", kamar Rafin Ɓauna a ƙasar Aliero. Kalmomin "kwari" da "tafki" da "mashaya" da "jigawa" da "tunga" duk suna nuni ga yanayin wuri ko tarihin zamansa. Idan aka tattara irin waɗannan sunaye har zuwa matakin gonaki, aka ɗora su a kan hotunan tauraron ɗan'adam, za a iya gano tsofaffin hanyoyin ruwa da aka yi gini a kansu.

Hausawa suna da al'adar raɗa wa shekarun wahala suna, kamar yunwar Kakalaba ta wajen 1913 zuwa 1914 da ta fito a aikin Watts (1983) kan yunwa a Arewacin Nijeriya. Dattawan bakin gulbi sukan tuna iyakar da ruwa ya kai a wata shekara ta hanyar alama a jikin bishiya ko bangon masallaci. Inda ma'aunin ruwa bai daɗe da kafuwa ba, irin wannan shaida tana iya tsawaita tarihin gulbi da shekaru masu yawa. Tattara ta da tantance ta aiki ne da ɗaliban adabin baka suka samu horo a kansa.

5.4 Amintattun Bakuna

Saƙo yana cin albarkacin mai kawo shi. A ƙasar Kabi akwai sarautun sana'a irin su Sarkin Ruwa da Sarkin Noma, waɗanda jama'a ke saurara a kan abin da ya shafi gulbi da gona. Bikin kamun kifi na Argungu, da hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, shaida ne cewa wannan tsari yana raye. Akwai kuma limamai da malaman zaure, waɗanda za su iya warware zaton da wasu ke yi cewa shiri ya saɓa wa tawakkali, ta hanyar ƙissar tanadin abinci na Annabi Yusuf (AS) da hadisin ɗaure raƙumi. Mata, waɗanda galibi su ke gida tare da yara da kayan abinci lokacin da ruwa ya shigo, suna da nasu hanyoyin sadarwa ta makarantun Islamiyya da bukukuwa da adashi. Sanin wanda ake jin maganarsa a kowane rukuni fage ne na masanin al'ada.

6.0 Shawarwari

Bisa abin da ya gabata, takardar tana ba da shawarwari kamar haka:

i. Jami'ar da ke Aliero ta jagoranci ayarin bincike kan Gulbin Zamfara, tare da sassan nazarin Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Tarayya ta Gusau da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu. Shigar Gusau tana da muhimmanci domin daga jiharta ruwan yake tasowa.

ii. A samar da ƙaramin ƙamus na kalmomin ambaliya da hasashen yanayi, wanda za a gwada a kan manoma da masunta da mata kafin a miƙa shi ga gidajen rediyo da hukumomin agaji.

iii. A kafa sandunan auna ruwa a garuruwan bakin gulbi daga Gummi zuwa Jega, a horar da mutanen gari su riƙa karantawa suna aika saƙon murya ga na gangare.

iv. A ba ɗaliban digiri na biyu da na uku batutuwan sunayen wurare da tarihin ambaliya da sunayen ire-iren shinkafa, ƙarƙashin kulawar malamai biyu, ɗaya daga Hausa ɗaya daga kimiyya.

v. A nemi tallafin asusun bincike na TETFund da na shirin ACReSAL, tare da gudummawar jiha da ƙananan hukumomin uku, kuma a sa sharaɗin mayar da sakamakon kowane bincike ga garin da aka yi shi, cikin Hausa, kafin faɗuwar damina.

7.0 Kammalawa

Takardar ta bibiyi yadda ƙasashen bakin teku suka haɗa jami'a da hukuma da al'umma, ta kuma auna darussan a kan Jega da Aliero da Maiyama. An ga cewa a Holan ta 1953 hasashe ya yi daidai amma bai isa kunnen jama'a ba, a Simeulue ta 2004 kuwa kalma ɗaya da aka gada ta fitar da dubban mutane zuwa tudu. An kuma ga cewa yankin yana da jami'a da gonar bincike da hukumomin hasashe da irin shinkafa mai jure nutsewa, abin da ya rage shi ne gadar da za ta sada su da mai gona. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma da Hausa yake faɗin wurin. Saboda haka ya kamata sassan nazarin Hausa su nemi gurbinsu a irin wannan bincike da kansu, su gabatar da shawarwarin ayyuka ga takwarorinsu na kimiyya, domin manomin da ya ci bashi ya shuka shinkafa a fadamar Jega ya samu labarin ruwa tun yana Gummi.